Inda barewa ke kwanciya idan sanyi ya kankama

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ka daina tarar da barewa a makwancinta tun da sanyi ya shigo. Tana nan cikin dajin, wuri kawai ta sauya.

Lokacin sanyi tattalin ƙarfin jikinta take yi. Shi ya sa take komawa gangaren da rana ta fi daɗewa a kansa, wanda a arewacin duniya shi ne mai fuskantar kudu. Ko ta shige duhuwar itatuwan da ba sa kaɗe ganye, dab da abinci.

Amma a ganina maganar iska ta fi muhimmanci. Takan kwanta ƙasa kaɗan da ƙololuwar tudu, gefen da iska ba ta duka sosai, ta ba iskar baya. Hanci na gadin baya, ido na gadin gaba. In ka biyo iska, za ta sansano ka tun kafin ka hango kunnuwanta, sai dai ka tarar da ciyawa a kwance da ɗuminta.

Ka ratso ta gefe, sannu a hankali. Kuma da hantsi iska mai ɗumi tana haurawa tudu da warin jikinka, da almuru kuma ta gangaro da shi kwari.