Na sayo wa yarana safar hannu, shi ke nan an gama da maganar tsafta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina da ɗan gidan abinci a nan Kano, shinkafa da miya, tuwo da farfesu muke yi, kuma ina da yara mata uku masu kai wa kwastomomi abinci. Satin da ya wuce wani ya tashi ya bar abincinsa wai ya ga yarinya ta karɓi kuɗi ta ba da canji sannan ta ɗauko masa nama da wannan hannun, ya yi ta faɗa a gaban mutane wallahi kamar in nutse. Shi ne na sayo musu safar hannu ta leda kwali guda. Dan Allah hakan ya isa ko da saura?
Daga mai gidan abinci, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Mutumin nan duk da ya kunyata ki, gata ya yi miki, don wasu ba sa cewa uffan, ƙafa kawai za su ɗauke. Amma gaskiya safar nan ba ita ce maganin ba. Safar da ta karɓi ɗari biyun da ta gama zaga kasuwar Kwari, ta danna POS, ta gyara ɗankwali, sannan ta koma kan nama, ai ba ta da maraba da hannun, har gara hannun ma, don shi in ya yi maiƙo yarinya za ta ji ta je ta wanke, mai safa kuwa sai ta wuni da ita tana ganin ita fes take.

Abu na farko ki raba kuɗi da abinci. Mutum ɗaya ya zauna kan kuɗi, ke ko wata, masu zuba abinci kar su taɓa, nama kuma da cokali ko ludayi za a ɗauka.

Sai wankin hannu, kuma nan ne aikin yake. Da sabulu, ƙarƙashin ruwa mai zuba, kamar daƙiƙa 20, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙasan farce, bayan fitowa daga bayan gida, bayan taɓa ɗanyen nama, bayan kwashe kwanuka da goge tebur. Ruwan buta kaɗai ba ya wadatarwa in an fito daga bayi, sai da sabulu. Ita kuwa robar nan da ake ajiyewa a bakin ƙofa kowa ya zo ya tsoma hannu tun safe har ruwan ya koma kalar miya, ni dai in na gan ta a gidan abinci komawa nake, ki sayi bokiti mai famfo ki sa wata roba a ƙasa tana tare ruwan, kuma ki janye tawul ɗin nan guda ɗaya da kowa ke goge hannu. Farce a yanke shi, na kanti a bar shi sai ranar biki.

Dalilin duk wannan shi ne taifod da kwalara hanyarsu ɗaya, daga bayan gidan wani zuwa bakin wani, ta ruwa ko ta hannu. Kin tuna 2021, sama da mutum dubu 100 aka yi zargin kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano, Bauchi da Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna. Taifod kuma mutum zai iya ɗauke da ita yana yawonsa lafiya ƙalau. An yi wata kuku a Amurka, Mary Mallon, kusan duk gidan da ta yi girki sai mutane su kwanta ita kuwa ko ciwon kai, a 1907 aka killace ta.

Saboda haka yarinyar da ke amai ko gudawa ta zauna a gida, sai ta yi kwana biyu cur da warkewa kafin ta dawo kusa da abinci. Sai dai Hajiya in kin san za ki yanke mata kuɗin ranar, toh ki sani ɓoyewa za ta yi ta zo aiki a haka, kuma ba za ki ga laifinta ba.

Inda safa ke da rana shi ne in wuƙa ta yanke ta ko tana da ƙurji a yatsa, a manna filasta sannan a sa safa a kai, a canza ta duk sanda aka canza aiki. Ƙwayar cutar da ke cikin irin wannan miki tana barin guba a abinci wadda ɗumame ba ya kashewa, haka ma shinkafar da ta huce ta daɗe a kula, don haka dafaffen abinci kar ya wuce awa biyu a ajiye, ko dai yana kan wuta da zafinsa ko yana firij. Kwalin safar da kika saya ki ajiye shi kusa da filasta, zai kai ki wata da watanni.