Amsa ga mai shirin sayen gidan gado a Kurna

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: ka sami gida a unguwar Kurna a Kano, na gado ne, dillali ya ce ba sai ka nemi lauya ba tunda mai unguwa zai sa hannu, kuma ana matsa maka ka ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. Don girman Allah kada ka fitar da ko sisi tukuna.

Ni irin wannan cinikin na yi shekarun baya. Babban ɗan marigayin ne ya sayar mini. Muka zauna a zauren mai unguwa kan tabarma, shaidu huɗu, aka rubuta takarda aka buga hatimi, aka shafa fatiha. Na canza kwanon rufi, na yi wa tsakar gida siminti. Bayan wata takwas wata dattijuwa ta yi sallama, tana tare da ɗanta. Ashe 'yar marigayin ce ta wani ɗakin, tana aure a Maraɗi, ba wanda ya sanar da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon darbejiyar da ke tsakar gidan, ta ce mahaifinta ne ya dasa ta. Tun a nan jikina ya yi sanyi, don na san tana da gaskiya. Shekara biyu muna zarya a kotu, daga ƙarshe aka yi sulhu, na biya ta rabonta daga aljihuna, shi kuwa wanda ya karɓi kuɗina tuni ya cinye.

A kotun ne na fara jin maganar shuf'a. A fiƙihun Malikiyya, idan gida na tarayya ne ba a raba ba, wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare, ragowar suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe kason, kuma wanda ba ya gari haƙƙinsa na nan har ya dawo. Wanda ya sayar da kason wani kuwa, cinikin bai zauna ba sai mai shi ya yarda. Saboda haka abu na farko da za ka nema shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'a, mai sunan kowane magaji. Kowa ya sa hannu da kansa, mata ma a ji daga bakinsu, kada wani ya ce ya wakilce su da baki. In akwai marayu ƙanana, kotu ce za ta ba da izini.

Sa hannun mai unguwa yana da amfani, shi ya san tarihin gidan da maƙwabta, amma ba ya maye gurbin bincike a ma'aikatar ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma gidan da ke da satifiket na mallaka ba ya komawa sunanka sai da amincewarsa. Lauya zai je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ya duba fayil: sunan wa ke ciki, ko an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta soke takardar. Idan awon igiya ne, wato ba gwamnati ta yanka filin ba, a tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko bai faɗa kan hanya ko magudanar ruwa ba.

Lauyan kuma ya zama naka, kai ka nemo shi, kai za ka biya shi. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, shi ya sa yake gaggawa. Ku yi tsada da lauyan tun farko, shi zai rubuta yarjejeniya, kuɗin kuma ka tura ta banki bayan an sa hannu.

Ka ce musu kana son mako biyu da kwafin takardun. In sun ƙi ba ka kwafi, ka haƙura da gidan. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.