Amsa ga ƙanenmu mai shirin jan wasa a taron Bamingam

Assalamu alaikum 'yan gida. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya turo tambaya jiya da daddare, cewa ya samu tebur a UK Games Expo, taron wasannin tebur da ake yi a Bamingam ta Ingila, zai ja wasan Dungeons & Dragons (wasan labari ne, mai jan wasa yana ba da labarin, kowane ɗan wasa yana zama jarumi a ciki, ana jefa dayis) karo na farko da mutanen da bai sani ba, labarin da ya rubuta ya kai shafi 30, yana tambaya ko ya isa. Ina kan hanya ne, shi ya sa na yi murya.

Ƙanena, ya ma yi yawa. Zauna ka yi lissafi. Awa huɗu aka ba ka, ko? To minti 20 na farko gaisuwa da rabon takardu da bayanin dayis za su cinye shi. Akwai hutun minti goma a tsakiya, sannan dole ka tashi da wuri don wani na jiran teburin. Abin da ya rage maka bai wuce awa uku ba. Faɗa guda da mutum shida kuwa, kowa sai an jira shi ya jefa dayis, a gwajina yana cin wajen minti 40. Ka ga ke nan faɗa biyu, sai babban karon ƙarshe, sai wuri ɗaya ko biyu na hira da bincike. Shi ke nan wasan.

Wannan ya sha bamban da zaman da muke yi a gida duk Asabar, inda in dare ya yi sai mu ce mu haɗu mako mai zuwa. Waɗannan mutanen ba za ka sake ganinsu ba. Ni a zamana na farko a wani taro, wurare bakwai na shirya. 'Yan wasan suka tsaya a ƙofar gari suna ciniki da wata tsohuwa mai sayar da laya, suna ta jin daɗi, ni ma na biye musu, har awa guda ta tafi. Lokaci ya cika muna tsakiyar daji, mai jan wasa na gaba yana tsaye a kaina da jakarsa. Akwai wata yarinya da ta zo da babanta, ba za ta wuce shekara 12 ba, tana riƙe da takardarta ta ce min, to mun ceci yariman ko ba mu cece shi ba? Wallahi har yau abin yana damuna. Da baki na ba ta labarin ƙarshen da ya kamata a ce ita ta buga shi da hannunta.

Saboda haka daga ƙarshe za ka fara gini. Ka rubuta karon ƙarshe tsaf, ka sa masa lokaci: da awa uku ta cika cikin awa huɗun nan, ko suna ina, labari zai kai su bakin rijiyar da Dodon naka yake. Wuraren tsakiya ka yi wa biyu alama, waɗanda za ka iya cirewa ba wanda ya sani. In akwai wani sirri da sai an gano shi labari zai ci gaba, kada ka ɗora shi a kan jifa ɗaya na dayis mai fuska 20. Ka ajiye shi a wuri uku, duk inda suka bi su ci karo da shi. Agogo kuma a gabanka, kan tebur.

Sai jarumai. Kada ka yarda a ƙirƙire su a wurin. Kai za ka zo da su a shirye, guda takwas don mutum shida su samu zaɓi, 'yan mataki na uku, suna da ɗan ƙarfi amma takardar ba ta cika da rubutu ba. A saman kowace takarda layi biyu: me wannan jarumin yake nema, kuma me ya haɗa shi da wani a teburin, bashi ne ko 'yan'uwantaka. Wannan layin shi ke sa baƙi su fara magana da juna. Mai sihiri ka rubuta masa sihirinsa a ƙananan katuna, kada a tsaya buɗe littafi.

Wani abu kuma, na ji ka ce kana so wasan ya yi zafi kamar Tomb of Horrors, wani tsohon labarin wannan wasan. Shi wannan Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, ya shirya shi ne don gasa a taron Origins na 1975, don ya gwada ƙwararru, tarkunansa kisa suke yi nan take. Teburinka kuwa za ka iya samun wanda bai taɓa riƙe dayis ba, ya sayi tikiti ya zauna. In jaruminsa ya mutu a awa ta farko me zai yi? A tsorata su, a ji musu ciwo, amma mutuwa a bar ta sai karon ƙarshe.

Dodo da ganuwa da aljanun da ka sa sun burge ni ƙwarai, kada ka taɓa su. Sai dai sunaye su zama gajeru, kuma kada ka buɗe da laccar tarihi. Fara da ihu a kasuwa, an sace yarima, kowa ya miƙe.

Zauren akwai hayaniya sosai, ka tafi da ruwa, ka riƙa tsayawa in za ka yi magana. Fensira da dayis na aro, da takarda a ninke kowa ya rubuta sunan jaruminsa a gabansa.

Ka rage shi zuwa shafi takwas ka turo min. Ranar Asabar mu gwada shi da agogo, kuma ina roƙon mutum biyu a gidan nan da ba su taɓa bugawa ba su zo, su muke bukata. Na gode, sai na ji ku.