Karanta littattafan poka yana ƙara iya wasa, ko sa'a ce kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Katsina, gidanmu wajen Ƙofar Ƙaura. Mun koyi wasan kartar nan da ake kira poka a waya, har muka koma yin sa da kati na gaske da daddare, muna zuba murafun kwalba maimakon kuɗi. Na sauke littattafai biyu na dabarun wasan, na karanta ɗaya da rabi. Amma akwai abokina da bai taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba, kuma mako biyu ke nan yana kwashe mu. Yanzu har yana cewa mu shiga na intanet inda ake zuba kuɗi. Karatun nan yana da amfani kuwa, ko ɓata lokaci nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Karatun yana da amfani, kuma a matsayina na mai koyar da lissafi zan iya nuna maka inda amfanin yake. Sai dai tambayoyi biyu ka haɗa a wuri ɗaya, ta iya wasa da ta zuba kuɗi, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce.

Irin pokar da aka fi yi a waya ita ce Texas Hold'em: kati 52, gida huɗu, kowane gida kati 13, ana ba kowa biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya. Katin biyu da za a miƙa maka na iya zuwa ta hanya 1,326, waɗanda idan aka tace su suke komawa iri 169. Darasin farko a kowane littafin kirki shi ne yawancinsu ba su cancanci a shiga da su ba. Sabon shiga yana jin kunyar janyewa, sai ya bi kusan kowane rabo don kada a ce ya ji tsoro. Littafi zai ce maka ka zubar da kamar uku cikin huɗu, ko fiye idan mutane sun yi yawa. Wannan gyara kaɗai yana rage wa mutum asararsa ta farko.

Darasi na biyu shi na fi so, don shi ne zuciyar wasan. A ce kana da kati biyu 'yan gida ɗaya, an buɗe huɗu a tsakiya, biyu daga ciki 'yan gidanka ne. Saura kati ɗaya a buɗe, kuma kana neman ɗan gida na biyar, don kati biyar 'yan gida ɗaya hannu ne mai ƙarfi. Ka ga kati shida, saura 46 da ba ka gani ba. A gidanka akwai 13, huɗu sun fito, saura 9. To damarka 9 ce cikin 46, wato ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Yanzu a ce murfi 100 ne a tsakiya, abokinka ya ƙara 50. Za ka biya 50, tulin ya zama 200, kason da ka zuba ya zama kashi 25 cikin ɗari. Kana sayen damar kashi 20 a farashin kashi 25, wannan ciniki ne na faɗuwa, sai ka janye. Amma da 20 ya ƙara, tulin zai zama 140, kasonka wajen kashi 14, a nan bi shi ne daidai. Kati ɗaya, mutum ɗaya, amma farashi ya sauya hukunci. Wanda bai karanta ba zai iya shekara yana wasa bai gano wannan ba, domin duk ranar da katin ya faɗo masa zai ɗauka ya yi daidai.

Hatta burga, wato zuba da yawa alhali hannunka babu komai, tana da lissafi. Masanin lissafi John von Neumann da Oskar Morgenstern sun nuna tun 1944 cewa wanda ba ya burga ko kaɗan ana saurin gane shi, wanda kuma ya cika ta ana kama shi.

An kuma gwada tambayar taka kai tsaye. A 2008 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, Michael DeDonno da Douglas Detterman, sun raba ɗalibai gida biyu, aka koya wa rukuni ɗaya dabarun wasan, ɗayan ba a koya masa ba, kuma waɗanda aka koya wa suka fi yin abin kirki. Wasu masu binciken, Steven Levitt da Thomas Miles, su ma sun duba babbar gasar duniya ta 2010 a Las Vegas, suka tarar waɗanda aka riga aka sani da gwaninta sun sami ribar sama da kashi 30 cikin ɗari na abin da suka zuba, sauran kuwa sun yi asarar kusan kashi 15.

To me ya sa abokinka ke kwashe ku? Mako biyu ba komai ba ne a wannan wasa. As biyu, wato tagwayen kati mafi girma, shi ne rabo mafi ƙarfi, yana zuwa sau ɗaya cikin 221, amma idan ya gamu da wasu tagwayen kati da ba su kai shi ba, yana faɗuwa kamar sau ɗaya cikin biyar. Faɗuwa sau uku a jere ma tana aukuwa, kamar sau ɗaya cikin 125. A dara, idan ka fi mutum iyawa za ka cinye shi yau, ka cinye shi gobe. A poka gwaninta tana ɓuya a bayan sa'a, sai an yi dubban rabo kafin ta fito fili. Akwai kuma yiwuwar abokin naka ya fi ka lura da mutane: wa ke rawar hannu, wa ke yin shiru in ya sami babba. Wannan ba a samun sa a takarda. Haka kuma wanda ya karanta littafi da rabi yakan zama mai sauƙin karantawa, don ba ya shiga sai da babban kati, kowa ya ga ya motsa sai ya kauce.

Littafi yana tsufa. Abin da Doyle Brunson, zakaran gasar duniya a 1976 da 1977, ya rubuta a ƙarshen shekarun 1970 ya girgiza wasan a lokacinsa, amma da kowa ya karanta sai fifikon ya ragu. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus daga Jami'ar Carnegie Mellon ta doke gwanaye huɗu a rabo 120,000 cikin kwana 20, a 2019 kuma wata manhajar mai suna Pluribus ta yi nasara a tebur mai mutum shida. Masu neman abinci da wasan a yau da irin waɗannan na'urori suke bita. Su za ka tarar a intanet.

Nan na zo kan shawarar abokinka, kuma ina roƙonka kada ka bi ta. Ko a lissafi kaɗai ba ta tsayawa. Poka ba ta haifar da kuɗi, daga aljihu zuwa aljihu suke yawo, mai dandalin kuma yana cire kamasho a kusan kowane rabo. A ce ku shida ne, kowa ya zo da naira 10,000, tulin kowane rabo 2,000, kamasho kashi 5 cikin ɗari. Naira 100 ke nan duk rabo. Bayan rabo 100, naira 10,000 ta tafi wurin mai dandali, jarin mutum guda cif, ko da kuwa ku shidan kun haddace littafi ɗaya. Ka fi matsakaicin ɗan wasa bai isa ba, sai ka fi shi da tazarar da za ta biya kamasho. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne karatun kansa yana iya zama tarko: wanda ya karanta, in ya faɗi sai ya ce sa'a ce ta ƙi, lissafinsa daidai ne, bari ya ƙara zubawa ya rama. Babu shafin da ke riƙe hannun mai neman ramuwa da ƙarfe biyun dare. Na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da kuɗin rajistarsu ya tafi ta irin wannan hanya, kuma ba rashin iya lissafi ne ya kai su ba.

Sannan kai ka san hukuncin. Da zarar kuɗi ya hau tabarma sunan abin caca, kuma aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun ambace ta tare da giya, suka faɗi gaba da ƙiyayyar da take jefawa tsakanin mutane. Kasancewar akwai gwaninta a ciki bai sauya wannan ba. Ko wasan kati da babu kuɗi malamai sun yi magana a kansa, musamman idan yana cin lokacin salla da na karatu, wannan kuwa ka kai shi gaban malaminku na unguwa.

Idan kana son sanin ko littafin ya ƙara maka wani abu, daina ƙirga murafun da ka tashi da su. Ka sami ƙaramin littafin rubutu, duk dare ka rubuta rabo uku da suka ba ka wahala: me ke hannunka, nawa ne a tsakiya, nawa aka nemi ka biya, me ka yi. Da safe ka lissafa kamar yadda muka yi da 9 cikin 46. Bayan wata guda ka kwatanta yawan kuskuren makon farko da na makon ƙarshe.