Kama kifin tarawut daga kwale-kwale a Tafkin Superior da ke tsakanin Amurka da Kanada

Ka tambaya me za ka ɗaura a fatsa, kuma a wane zurfi za ka nemi tarawut na tafki. Zurfin ya fi muhimmanci, domin kifin nan yana bin ruwa mai sanyin kusan digiri 10 ne. Da zarar ƙanƙara ta narke yakan taso kusa da gaɓa, amma da zafi ya shigo sai ya nutse mita 20 zuwa 40. A lokacin sai ka ɗaura ƙarfen nan mai siffar cokali, mai ƙyalli, ka sa masa dalma mai nauyi, ka ja shi sannu a hankali, kana ɗan karkata kwale-kwalen hagu da dama, saboda yawanci a daidai lokacin karkatawar kifin yake kai cafka.