Kusufin Rana Mai Zobe: Tambayoyinku da Amsar Likitan Ido

Tambayoyi sun taru mini a kan kusufin ranar da ke tafe, na ɗauki guda huɗu, su ne a ƙasa.

Wani dattijo daga unguwar Nima a Accra ya rubuto: "Likita, na ji ana cewa rana za ta yi kusufi a Gana. Yaushe ne? Kuma irin na 2006 ne, da gari ya yi duhu da hantsi?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ranar Asabar ce, 6 ga Fabrairun 2027, a ƙarshen Sha'aban, gab da kama azumi. Inuwar za ta taso daga Chili da Ajantina, ta ratsa tekun Atlantika, ta sauka a gabar Afirka ta Yamma da yamma lis: Abijan, Accra, Lome, Kwatano, Legas. A nan Accra wata zai fara cin gefen rana bayan la'asar, zoben kuma ya cika wajen ƙarfe shida saura kwata, rana na dab da faɗuwa. 'Yan mintuna kaɗan zai yi. Mutanen arewa, irin su Tamale, wani sashe na rana kawai za su ga ya rufe.

Amma ba irin na 29 ga Maris 2006 ba ne, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba. A wancan, wata ya rufe rana ruf, aka sami ɗan lokacin da mutum zai iya ɗaga kai ya duba da ido tsirara. A wannan karon wata zai kasance nesa da ƙasa, sai ya yi ƙanƙanta, ya kasa rufe ta duka, gefenta ya rage kamar zoben wuta. Wannan zoben rana ce sosai, tana ƙuna. Daga farko har ƙarshe babu daƙiƙa ɗaya da ya halatta a kalle shi babu kariya. Duk wanda ya ce miki ko ya ce maka "ai mun kalla a 2006 ba abin da ya same mu", ba wannan yake nufi ba.

Wani saurayi daga Madina Zongo ya ce: "Dakta, tunda da yamma ne, ga hazon hunturu, rana ja take zama, ba ta kashe ido. Baƙin tabarau bai isa ba?"

Ƙanena, bai isa ba, ko da ka jera guda biyar. Kuma hazon da kake dogara da shi, shi ne tarkon. Da tsakar rana Allah ya sa ido ba ya jure kallonta, dole ka kau da kai. Da yamma, ƙura ta rage ƙyallin, sai ka ƙura mata ido ka daɗe, alhali hasken da ke ratsowa ya isa ya yi ɓarna. A can bayan ido akwai wani siririn tantani da ke karɓar hoton duk abin da muke gani. Ƙwayar ido tana tattara haske ta zuba shi a tsakiyar wannan tantanin, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. Tantanin nan ba ya jin zafi. Zai ƙone kana murmushi. Sai bayan wasu awoyi, ko washegari, ka ga tsakiyar ganinka ya yi dishi-dishi, ko wani ɗigon baƙi ya tsaya a kan fuskar wanda kake kallo, ko layin rubutu ya karkace. Wasu suna samun sauƙi cikin watanni, wasu tabon ya zauna har abada, kuma ba mu da ɗigon magani ko tiyatar da ke mayar da abin da ya ƙone.

Abin da ke kare ido shi ne tabarau na kallon kusufi mai lambar ISO 12312-2. Ka gwada shi a ɗaki: in kana ganin kujera ko fitilar gida sosai ta cikinsa, jabu ne. In ya huje ko ya karce, ka yar. Gilashin masu walda mai lamba 14 ma yana yi. Amma fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da kallon rana a cikin bahon ruwa ko madubi, duk a bar su. Kada kuma ka leƙa ta madubin hangen nesa ko da tabarau ɗin a fuskarka, don hasken da yake tarawa zai huda shi nan take.

Wata baiwar Allah daga Maamobi ta tambaya: "Ina da cikin wata shida. Uwar mijina ta ce kada in fita ranar, wai jariri zai zo da tawaya."

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Inuwa ce kawai ke wucewa, ba ta taɓa ɗan da ke ciki, ba ta ɓata abinci ko ruwan sha. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, Annabi ya gaya musu rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ki gaya wa Hajiya wannan cikin ladabi. In kin zauna a gida don ki faranta mata, ba laifi, sai dai kada ki fasa shan maganin ƙarin jini ko zuwa awo. Idonki ne abin tsarewa, kamar na kowa.

Ta ƙarshe daga wata malamar makarantar Islamiyya ce a Fadama: "Yara sun fi sittin a hannuna, ba mu da kuɗin tabarau. Yaya zan yi?"

Malama, Allah ya saka da alheri da kika yi tunaninsu tun yanzu. Yara su na fi jiye wa, don ƙwayar idonsu garau take, haske na wucewa fiye da na babba, ga gasar wa ya fi daɗewa yana kallo. Ki sa su juya wa rana baya. A huda kwali da allura, a bar haske ya ratsa hujin ya sauka a jikin bango ko farar takarda. Za su ga rana tana raguwa har ta zama zobe. Cokalin tsame ƙosai mai ɓula-ɓula ya ma fi ban sha'awa, kowane huji da zobensa. Ki nanata musu cewa bango ake kallo, ba a leƙa hujin. Ƙanana kuwa ki shigar da su masallaci a yi sallar kusufi tare da manya.

In wani yaro ya ce miki washegari ba ya ganin tsakiyar allonsa, kada a ɗiga masa komai, kada a sa kwalli. A kai shi sashen ido na asibitin Korle Bu da ke Accra ko asibitin ido mafi kusa, a gaya wa likita cewa ya kalli rana da kuma tsawon lokacin da ya yi yana kallo.