Rana Ɗaya Aka Ɗauke Mu Aiki, Amma Shi Ake Turawa Zariya

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 26, ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kakuri. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki da wani saurayi bayan mun gama bautar ƙasa, takardunmu iri ɗaya ne, amma shi ake turawa Zariya da Kafanchan ganin abokan ciniki, ni kuwa rubuta bayanan taro da haɗa wa baƙi shayi suka zama aikina. Da na yi magana, sai oga ya ce ai gobe aure zan yi in tafi. Mece ce shawararki? Daga mai karatu a Barnawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maganar ogan naki tsohuwa ce, kuma tana da abokiyar tafiya, wato cewa namiji yana da lefe da kuɗin haya a gabansa, don haka shi ya kamata a fara dubawa. Nauyin da ke kan samarinmu gaskiya ne, amma albashi ladan aiki ne, ba gudummawar biki ba.

Doka tana tare da ke. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙorafi. Aure ma bai zama sallama ba, domin Dokar Ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12, gwamnatin Kaduna kuwa ta mayar da shi wata 6 ga ma'aikatanta mata a 2019, shekarar da Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamna.

Sai dai ba na so ki fara da kotu. Na lura cewa yawancin 'yan matanmu an tarbiyyantar da su da kunya, sukan sunkuyar da kai suna jira a ga ƙoƙarinsu, alhali abokin aikinsu namiji tuni ya shiga ofishin oga ya ce a ba shi tafiyar. Wani lokaci ma ogan yana ɗauka iyayenki ba za su bar ki ki kwana a wani gari ba, bai kuwa taɓa tambayar ki ba. Ki fara samun amincewar gida, sannan ki rubuta takarda cikin ladabi, ki lissafa ayyukan da kika kammala da ranakunsu, ki nemi a sa sunanki a tafiya ta gaba, a kuma riƙa karɓa-karɓa wajen rubutun taro. Ki ajiye kwafi ɗaya a wurinki. Idan wata uku suka wuce babu canji, ki kai wa sashen kula da ma'aikata.